Filin Tambaya Da Amsa: Yadda Ake Raba Intanet A Ƙaramin Ofis Ba Tare Da An Tauye Kowa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce ke kula da harkokin yau da kullum a wani ƙaramin ofis mai ma'aikata 12. Layin intanet ɗaya muke da shi, kuma a takardar yarjejeniya an rubuta megabit 30 na saukewa da megabit 5 na ɗorawa. Da sassafe komai lafiya lau, amma da zarar hantsi ya dubi ludayi, kowa ya zauna a kan kujerarsa, sai shafuka su ƙi buɗewa, taron bidiyo ya riƙa yankewa, har an fara zargin juna. Maigidanmu ya ce a sayi layi mafi ƙarfi, wani abokin aiki kuma ya ce a raba megabit 30 ɗin gida 12, kowa ya tsaya a kan biyu da rabi. Wace shawara ce daidai a cikin biyun?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce kada a ɗauki ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin a bisa bayanin da kika yi, na fi zargin lambar da ba wanda ya kula da ita a ofishinku, wato megabit 5 na ɗorawa.

Bari mu fara da ma'auni, saboda a nan ne ruɗani ke somawa. Kamfanonin intanet suna ƙidaya da megabit a kowane sakan, yayin da kwamfuta ke nuna girman fayil da megabait, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Layinku na megabit 30 ba zai sauke fiye da megabait 3.75 a sakan ba ko da mutum ɗaya ne a kansa, ɓangaren ɗorawa kuwa bai wuce megabait 0.6 da 'yan kai ba. Idan ma'aikaci ɗaya ya tura bidiyo mai megabait 600 zuwa Google Drive ko OneDrive, zai mamaye hanyar fita gaba ɗaya na kimanin minti 16. Bai yi wani laifi ba, wataƙila ma aikin ofis yake yi, ko kuma wayarsa ce ta fara kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet da kanta tun da ya shigo ta kama Wi-Fi.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne cewa cunkoson hanyar fita yana kashe saukewa ma. Duk shafin da kika buɗe, sai kwamfutarki ta aika buƙata waje, kuma yayin da bayanai ke zuwa, tana ci gaba da aika ƙananan saƙonnin tabbatar da cewa sun iso. Waɗannan ƙananan saƙonni ta ƙofa ɗaya suke fita da wancan bidiyo mai megabait 600. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyin ofis, ko modem ɗin da ke bakin layin yana da wurin ajiya inda ƙunshin bayanai ke jerin gwano kafin a sallame su, kuma masu ƙera na'urori sun daɗe suna faɗaɗa wannan wuri domin kada a zubar da ko ƙunshi ɗaya. Ki yi lissafi da kanki: idan jerin ya tara megabait ɗaya, wato megabit 8, a kan hanya mai megabit 5, duk wanda ya shigo daga baya zai jira sakan 1.6 kafin ya fita. Muryar mai magana a taron bidiyo ba ta jure wannan. Shawarar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta bayar a ƙa'idarta mai lamba G.114 ita ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya tsaya ƙasa da milisakan 150 idan ana son hira ta tafi yadda ya kamata. Jiran sakan ɗaya da rabi ya ninka wannan sau goma.

Wannan matsala sananniya ce a wajen masana. Wani injiniya ɗan Amurka, Jim Gettys, shi ne ya fito da ita fili a shekarar 2010, bayan ya lura intanet ɗin gidansa na tsayawa cak duk lokacin da ake tura manyan fayiloli, kuma ya laƙaba mata suna bufferbloat, wanda ke nufin kumburin ma'ajiya. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da wata dabara mai suna CoDel, wadda ke lura da tsawon lokacin da ƙunshi ya yi yana jira, idan jiran ya fara tsawo sai ta zubar da kaɗan domin mai aikawa ya rage gudu. Daga baya aka haɗa ta da tsarin bai wa kowace haɗuwa, wato kowace hanyar da manhaja ta buɗe zuwa wata kwamfuta a intanet, jerinta na daban, aka samu fq_codel, sannan wani tsari makamancinsa mai suna CAKE ya shiga cikin Linux, manhajar da ke tafiyar da rautoci da yawa, a 2018. Na kawo waɗannan sunaye ne saboda su za ki gani a shafin saitin rauta, ko kuma ki tambayi mai gyara a kansu.

To, me ya sa ban goyi bayan raba layin gida 12 ba? Domin rabon yanka irin wannan yana ɓarnar abin da kuka biya. A mafi yawan lokuta mutum uku ko huɗu ne kawai ke jan bayanai a sakan guda, sauran suna karatu ko rubutu ko sun fita. Idan aka ƙulle kowa a kan megabit biyu da rabi, wanda ke sauke fayil ɗin aiki zai zauna yana jira alhali fiye da rabin layin na zaune ba a amfani da shi. A ɓangaren ɗorawa kuwa abin ya fi muni, saboda megabit 5 gida 12 bai kai rabin megabit ba ga kowa, ga shi Zoom na neman wajen megabit 2.6 na ɗorawa domin taron mutane da yawa mai hoto tangaram. Da wannan rabo, babu wanda zai iya yin taron kirki ko da shi kaɗai ne a ofis.

Barin layin sakaka shi ma ba adalci ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda intanet ke aiki. Tsarin TCP, wanda akasarin saukewa da ɗorawa ke bi, yana ƙara gudu a hankali har sai ya ga alamar cunkoso, sannan ya ja baya. An tsara shi haka ne a 1988, bayan durƙushewar da intanet ta farko ta yi saboda cunkoso a 1986. Sai dai rabon da yake yi tsakanin haɗuwa da haɗuwa ne, bai san mutum ba. Wanda manhajarsa ta buɗe haɗuwa tara a lokaci ɗaya, kamar yadda manhajojin hanzarta saukewa da na torrent ke yi, zai kwashe kusan kashi tara cikin goma, ya bar wa mai haɗuwa ɗaya ragowar.

Abin da ya dace da ofis irin naku shi ne rabo mai motsi: idan mutum ɗaya ne a kan layi ya sha shi duka, idan sun zama biyar a raba musu daidai, kuma ƙananan saƙonni masu gaggawa su wuce gaba ba tare da sun tsaya bayan manyan fayiloli ba. A rautocin da ke ɗauke da manhajar OpenWrt ana kiran wannan saiti SQM, kuma CAKE da ke cikinsa yana iya yin rabon bisa na'ura, ta yadda mai haɗuwa tara da mai haɗuwa ɗaya za su tashi da kaso ɗaya. A na'urorin MikroTik akwai PCQ, wanda ke raba abin da ake da shi daidai tsakanin adireshin da ke aiki a wannan lokaci. Manhajojin pfSense da OPNsense su ma suna da irin nasu. Rautocin gida da yawa suna da shafi mai suna QoS, amma a duba da kyau, domin a wasu abin da yake yi kawai shi ne fifita na'ura ɗaya a kan sauran.

Akwai mataki ɗaya da idan aka tsallake shi duk saitin ya tashi a banza. Dole ne a gaya wa rautar ta tsaya ƙasa kaɗan da ainihin ƙarfin layin, tsakanin kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari. Hikimar ita ce jerin gwanon ya taru a cikin na'urarku, inda kuke da ikon tsara shi, maimakon ya taru a modem ko a na'urar kamfani inda ba ku da ta cewa. Idan gwaji ya nuna kuna samun 30 da 5 da gaske, sai a sa 27 da 4.5. Na san mutane na jin zafin sadaukar da megabit uku da suka biya kuɗinsu, amma duk wanda ya taɓa yin taron bidiyo a kan layin da aka saita haka ba ya sake waiwayar su. A yi gwajin da kwamfutar da aka jona da kebul, lokacin da ba kowa a ofis, kuma a maimaita shi a sa'o'i daban-daban. Idan layinku ta eriyar wayar salula yake zuwa, ƙarfinsa na hawa da sauka cikin yini, don haka a ɗauki lambar da ake samu lokacin da gari ya cika da masu amfani.

Kafin a kira mai gyara ma, akwai gwajin da za ki iya yi yau. Ki buɗe tagar umarni a kwamfuta, wato Command Prompt a Windows, ki rubuta kalmar ping da sunan wani sanannen shafi, umarnin da ke aika ɗan saƙo ya jira amsa, ki lura da milisakan nawa amsa ke ɗauka. Sai ki sa wani ya fara ɗora babban fayil, ki ci gaba da kallon lambar. Idan ta tashi daga 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa ko fiye da dubu, kin kama ɓarawon, kuma maganinsa saiti ne. Idan bayan an yi saitin har yanzu ma'aunin rauta na nuna layin a cike yini guda da aikin ofis na gaskiya, to a lokacin ne maganar Maigidanku ta tabbata, kuma ko da za a sayi ƙari, a fara tambayar nawa ne na ɗorawa.

TAMBAYA: Malam, mun sa layi mai megabit 100 a ofishinmu, amma waɗanda ke ɗakin ƙarshe kullum suna kuka, kuma idan suka shiga aiki har na kusa da rauta ma sai su ji nauyi. Ko kamfanin ne ke tauye mu?

AMSA: Kafin a shafa wa kamfani kashin kaji, a jona kwamfuta ɗaya da kebul kai tsaye a jikin rauta a gwada. Idan an samu kusan 100, layin ba shi da laifi, matsalar tana cikin iskar ofishinku.

Wi-Fi hanya ce ta karɓa-karɓa. A kan tasha ɗaya, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, sauran su saurara. Na'urar da ke nesa, ko wadda bango biyu ya shiga tsakaninta da rauta, tana rage saurin maganarta domin a ji ta, don haka takan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta aika abin da ta kusa za ta aika cikin ƙiftawar ido. Muddin tana magana, kowa jira yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa mutanen ɗakin ƙarshe ke ja wa na kusa nauyi ba da saninsu ba. Wasu rautoci suna da saitin raba lokacin iska daidai tsakanin na'urori, kuma yana da kyau a kunna shi idan akwai.

Gyaran da na fi amincewa da shi, ko da yake ba shi da ban sha'awa, shi ne kebul. Duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar tebur da firinta da na'urar ɗaukar hoton tsaro, a cire shi daga Wi-Fi a jona shi da waya. Kebul nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, kuma kowace na'ura da aka mayar kansa ta sakar wa sauran fili a iska. Ɗakin ƙarshe kuma a ja masa kebul a kafa masa na'urar watsa Wi-Fi ta biyu. Ban cika ba da shawarar ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a soket domin ta maimaita sigina ba, saboda mai rediyo ɗaya sai ta karɓa sannan ta sake faɗa a kan tasha ɗaya, abin da ke cinye kusan rabin saurin.

A kuma lura da zango. Zangon gigahaz 2.4 yana ratsa bango sosai, amma tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma maƙwabta duk a nan suke cunkushe. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwar tashoshi da sauri, sai dai ba ya nisa. Na'urorin da ke kusa a tura su can. Abu na ƙarshe da ya kamata a duba shi ne ramukan kebul na jikin rauta da suwic, wato akwatin da ake jona kebula da yawa a jikinsa, domin tsofaffi da yawa iyakarsu megabit 100 ne, kuma kebul ɗin da waya ɗaya ta tsinke a cikinsa yakan faɗo daga gigabit zuwa 100 ba tare da wata sanarwa ba.

TAMBAYA: Malam, muna da layi biyu daga kamfanoni biyu, kowanne megabit 20. Idan muka haɗa su a rauta ɗaya za mu samu 40?

AMSA: Ofis gaba ɗaya zai amfana da kusan 40, amma fayil ɗaya da ake saukewa ta haɗuwa ɗaya ba zai wuce 20 ba, saboda rauta mai ƙofa biyu tana rarraba haɗuwa ne tsakanin layukan, wannan ta bi nan, waccan ta bi can. A kula da shafukan banki da makamantansu, domin wasu kan fitar da mutum idan suka ga adireshinsa ya sauya a tsakiyar aiki, don haka a saita rautar ta riƙe kowace na'ura a kan layi ɗaya. A ganina babbar ribar layi biyu ita ce idan ɗaya ya ɗauke, aiki bai tsaya ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ne mai ofis. Ina so in san wanda ke shanye mana intanet in toshe shi, kuma in hana kallon bidiyo a lokacin aiki. Na taɓa sa wa wayoyin wasu ma'aikata iyaka a rauta, amma bayan kwana biyu sai na ga iyakar ta daina aiki. Ina mafita?

AMSA: Alhaji, abin da ya warware maka iyakar wataƙila ba wayon kowa ba ne. Rauta na gane na'ura ta lambar da ake kira adireshin MAC, kuma tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙiro lambar bogi domin kare sirrin mai su, maimakon su nuna ta ainihi. Wasu na sauya wannan lamba idan an manta da Wi-Fi ɗin aka sake shiga, ko bayan wani lokaci, sai rautar ta ɗauka baƙuwar waya ce ta zo. Bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya aiki ne da ba ya ƙarewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba Wi-Fi ɗin gida biyu. Na farko na kwamfutocin aiki ne kaɗai, da kalmar sirrin da ba a bai wa kowa, kuma a ɗaure kowace kwamfuta a kan adireshin IP guda, wato lambar da rauta ke bai wa kowace na'ura, a shafin saitin rauta mai suna DHCP, domin a riƙa gane ta a rahoton rautar. Na biyu shi ne na baƙi, wanda kusan kowace rauta ta zamani ke da shi, sai a mayar da duk wayoyin hannu da na masu ziyara kansa, a sa wa shi kansa iyaka ɗaya ta jimla, misali kashi ɗaya cikin biyar na layin. Ko waya ta sauya lamba sau goma, tana cikin wannan shinge. Ƙarin amfaninsa shi ne baƙo ba zai ga firinta ko fayilolin ofis ba.

Game da neman mai laifi kuwa, ina roƙon ka duba rahoton rautar kafin ka kira kowa, domin sau da yawa za ka tarar na'ura ce ke shan layin ba tare da hannun mutum ba. Windows na sauke sabuntawa masu nauyin gaske, kuma idan kwamfuta goma suka yi haka a safiya ɗaya, layin ya tafi. A cikin saitin sabuntawar akwai wurin da ake ƙayyade yawan abin da za ta ja, da wurin da ake ba kwamfutocin ofis izinin karɓar sabuntawa daga junansu, ta yadda ba sai kowacce ta sauko da nata daga waje ba. Kada dai a kashe sabuntawar gaba ɗaya, saboda ita ke toshe ɓarakar tsaro. OneDrive da Google Drive da Dropbox duk suna da wurin rage saurin ɗorawa a manhajarsu ta kwamfuta, kuma ajiyar manyan fayiloli ana iya tsara ta ta gudana da dare. Kyamarar tsaro da ke tura hoto waje dare da rana ita ma tana cin kasonta a hanyar fita ba hutu.

Toshe shafukan bidiyo abu ne mai yiwuwa ta hanyar tace sunayen shafuka, kuma haƙƙinka ne a matsayin mai biyan kuɗin layin. Sai dai ka auna, domin bidiyon YouTube mai ingancin 720 wajen megabit biyu da rabi yake buƙata, kuma idan an yi rabo mai motsi mai kallonsa ba zai iya danne kowa ba, ga shi ma'aikata da yawa a nan suke koyon yadda ake gyara abin da ya kakare musu a aiki. Idan damuwarka ɓata lokaci ce, wannan magana ce tsakaninka da ma'aikacin, saitin rauta ba zai yi maka ita ba.

Akwai kuma batun amana, wanda ba na son a yi masa riƙon sakainar kashi. Mai riƙe da rauta yana iya ganin yawan abin da kowace na'ura ta ja, kuma galibi yana iya ganin sunayen shafukan da aka ziyarta, ko da yake abin da ke cikin shafukan da ke amfani da HTTPS, tsarin da ke ɓoye bayanai a hanya, a rufe yake gare shi. Idan za ka riƙa duba wannan rahoto, ka tara ma'aikatanka ka sanar da su tun farko, ka rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya: wane Wi-Fi ne na aiki, wanne ne na wayoyi, ƙarfe nawa ake tura manyan fayiloli, da kuma abin da ake dubawa da wanda ke dubawa. Kalmar sirrin shiga saitin rautar kuma a sauya ta daga wadda ta zo da ita daga kamfani, a bar ta a hannun mutum biyu kacal.